Jawabin Maraba Ga Mai Martaba Sarki A Tashar Jirgin Ƙasa Ta Penzance

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana. 'Yan majalisa, dattawa, iyayenmu mata, barkanku da sauka.

A madadin 'yan'uwanmu mazauna Cornwall da Plymouth, ɗalibai da ma'aikatan asibiti, muna cewa lale marhabin. Nan dogo ya ƙare a kudu maso yammacin Ingila, mil 305 daga Landan.

Ranka ya daɗe, jirgin da ya ɗauko ku daga tashar Paddington ta Landan da hantsi ba ƙaramin dattijo ba ne. Kamfanin Great Western ya ƙaddamar da shi ranar 1 ga Yuli, 1904, ya kuma yi suna da Cornish Riviera Express. A lokacin yankin nan na cikin matsi. Haƙar tagulla da kuza ta durƙushe, maza sun watse Amurka da Ostiraliya da Afirka ta Kudu neman na tuwo. Sai kamfanin ya ga abin da ya rage wa mutanen: teku, rairayi da sanyi mai sauƙi. Ya cika tashoshi da hotunan talla, ya ce wa mutanen Landan me zai kai ku Faransa hutu. Akwai zuzutawa a ciki, domin ruwan sama a nan ba ya jin kunyar baƙo, amma dabarar ta ci, masu otal da masunta duk suka samu ciniki.

A wancan lokacin, daga Landan har Plymouth, mil 245, ba ya tsayawa. Ko ruwan tukunyar tururinsa yana cikin gudu yake kamfata daga dogon kwami da aka shimfiɗa tsakanin ƙarafan dogo. Daga bisani, fasinjan Taunton ko Exeter kuwa, taragonsa ake tsinkewa a baya, mai kula da shi ya ja birki har ya tsaya a tasha, uwar jirgi ta yi gaba abinta. A 1906 aka buɗe hanyar Westbury, tafiyar ta ragu da kusan mil 20.

Muna fata an zaunar da Sarki ta hagu a Dawlish, inda dogon ke bin bakin teku. A Fabrairun 2014 igiyar ruwa ta kwashe ƙasar wurin, ta bar ƙarafa na lilo a iska, sai da muka yi wata biyu ba jirgi daga Landan. Gadar da kuka haye a Saltash kuma aikin injiniya Brunel ce tun 1859.

Ranka ya daɗe, an tanadi wurin sallah da abinci a masauki. Da la'asar, in teku ta janye, za mu raka Sarki tsibirin St Michael's Mount a ƙafa.