Giyar motata ta mutu bayan garanti ya ƙare

Assalamu alaikum jama'a, musamman mutanen gida Katsina da Daura. Yau daga gareji nake muku magana a nan Texas, ga motar tawa can an ɗaga ta sama.

In na taka totur sai inji ya yi ta ƙugi, mota kuwa ba ta ja, sai fizga. Bakanike ya kwance farantin da ke ƙasan giyabos, bari in matso da kyamara ku gani. Man nan da ya kamata a gan shi garau ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙuna. Ga maganaɗisun da ke manne a farantin, burbushin ƙarfe ya lulluɓe shi. Giyar tawa irin da ake kira CVT ce. Ba ta da lamba ɗaya, lamba biyu irin wadda muka saba, bel ne na ƙarfe ke gudu tsakanin fayafayai masu buɗewa da tsukewa. Da bel ɗin ya fara zamewa, sai ya riƙa cin ƙarfen da yake gudu a kai, shi ya sa yawancin bakanikai a nan ba sa ma buɗe ta, sai dai a sauya gaba ɗaya.

Garantin inji da giya a Amurka galibi shekara 5 ne ko mil 60,000, wajen kilomita 96,000 ke nan, duk wanda ya fara cika. Hyundai da Kia kan ba da shekara 10 ko mil 100,000, amma ga wanda ya saya sabuwa fil kaɗai. Tawa motar ta wuce wa'adin garantinta da kaɗan. Dila ya ce sauya giyar dala 6,000, kuma aikin hannu a nan da awa ake lissafa shi, awa ɗaya ta haura dala 100. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa.

Na sa lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, a shafin NHTSA, hukumar Amurka mai kula da kiyaye haɗurran motoci, ko kamfani ya taɓa kiran irin motar don gyara kyauta. Babu. Na kira kamfanin motar da rasit-rasit ɗin sabis, tunda wani lokaci sukan ɗauki wani kaso na kuɗin, suka ba ni haƙuri. Ƙarshe na samo giyar wata mota da ta yi haɗari, irin wadda a gida muke ce wa Beljiyam, da garantin wata 3.

Abin da ya sa na kunna kyamara shi ne shawarar da wani ya ba ni: in zuba sabon mai, in kai ta gwanjo. Na ƙi, don na san inda motocin gwanjon nan ke ƙarewa. Jirgin ruwa zai sauke su Legas ko Kwatano, a wanke su tas, wani malamin makaranta a Ƙofar Ƙaura ya kwashe kuɗin adashinsa ya saya.

Don haka ƙanena, da duk mai shirin saye, ku tambaya ko CVT ce. Kada ku tsaya ga zagayen cikin gari, ku hau titin Jibiya ko na Kano har mota ta yi zafi sosai, lokacin ne ciwon ke fitowa. A sa mata kwamfuta a duba. In kun saya, kada a zuba mata man giyar atomatik na gama-gari, nata daban ne, sunansa na rubuce a littafin motar.