Gurasa da Ruwa Kafin Wa'azi: Lacca Kan Ciwon Damuwa a Cikin Ikkilisiya

Salama a gare ku, iyayena, fastoci da dattawa, 'yan'uwa maza da mata a cikin Almasihu. Ku buɗe 1 Sarakuna sura 19, ku sa yatsa a wurin, don za mu yi ta komawa can.

A sura ta 18 Iliya ya tsaya gaban annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, wuta ta sauko, ruwan sama ya dawo bayan dogon fari. Sura ɗaya tak bayan haka, da saƙon sarauniya Yezebel ya iso cewa za ta kashe shi, sai ga shi ya tsere Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace yana roƙon Ubangiji ya ɗauki ransa. Ya ware kansa, ya ce bai fi kakanninsa ba, yana ganin shi kaɗai ya rage. Ba za mu laƙa wa annabi sunan cuta daga nan ba, amma duk wanda ya taɓa zama da mai ciwon damuwa ya san wannan murya.

To, me Allah ya fara yi masa? Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi, ga gurasa da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga butar ruwa. Ya ci, ya sha, ya koma ya kwanta. Aka sake tashinsa, aka sake ba shi, aka ce tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan kwana arba'in, a Horeb, aka tambaye shi abin da ya kawo shi, aka bar shi ya zazzage abin da ke cikinsa har sau biyu. Daga ƙarshe ne aka gyara masa lissafi: akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. Aka ba shi aiki, aka ba shi Elisha. Mu kuwa mukan juya tsarin, mu fara da gyaran lissafi. Mutum bai runtsa ba kwana biyar, mu iso da aya uku da tambayar wane zunubi ya ɓoye.

Abu na farko da makiyayi yake bukata shi ne ya bambanta ɓacin rai da ciwo. Ɓacin rai yakan zo da dalili, ya lafa, mutum ya ci abinci, ya yi dariya in an ba shi labari. Ciwon damuwa kuwa, ma'aunin da likitoci ke amfani da shi yana da alamu tara: baƙin ciki kusan duk yini, daina jin daɗin abin da a da ake so, sauyin cin abinci ko nauyin jiki, rashin barci ko yawansa, sanyin motsi ko rashin natsuwa, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba ko ɗora wa kai laifin da ya wuce kima, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa. In biyar sun haɗu, ɗaya daga cikinsu ta biyun farko ce, suka kai mako biyu, har aiki da zaman gida suka taɓu, maganar ta kai gaban likita. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27. Wanda ya kai 10 ko sama yana bukatar a duba shi da kyau.

Da yawa ba za su ce maka suna baƙin ciki ba. Ciwon kai za su kawo, ko nauyin ƙirji, ko jiki ya mutu. Uwar da ke jagorar waƙa ta koma zama a bencin baya, ta fita kafin a sa albarka. Ga wata alama da ta shafe mu musamman: mutum ya ce addu'arsa ba ta wuce rufin ɗaki, Allah ya juya masa baya, ya yi zunubin da ba a gafartawa. A nan ake tafka kuskure. Sau da yawa ciwon ne ke magana da harshen addini. Yadda ya kashe masa ɗanɗanon abinci, haka ya kashe masa ɗanɗanon sujada. In ka ce masa rashin bangaskiya ne, ka ƙara wa Borno dawaki, don laifin da yake ɗora wa kansa yana cikin alamu taran da na lissafa.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan yanayi ba. Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, babu ko ayar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma an bar ta a littafin waƙoƙin jama'ar Allah. A Getsamani Yesu ya ce ransa na shan wahala har kamar ya mutu, ya nemi Bitrus da Yakubu da Yohanna su zauna a faɗake tare da shi. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a ƙasa ba su ce uffan ba, ɓarnar ta fara ne da suka buɗe baki suna neman laifinsa. Karin Magana 25:20 ta kwatanta mai rera waƙa ga mai baƙin ciki da wanda ya tuɓe wa mutum riga ranar sanyi. Charles Spurgeon, babban mai wa'azin Landan, ya yi fama da wannan duhu shekara da shekaru, musamman bayan turmutsitsin da ya kashe mutum bakwai a wurin wa'azinsa a 1856, bai kuma ɓoye wa ɗalibansa ba.

Yanzu maganar asibiti. Likita zai fara duba ko wani abu ne a jiki, kamar ƙarancin jini, ko raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, ko giya da ƙwayoyi. In ciwon mai sauƙi ne, zaman tattaunawa da ƙwararre da motsa jiki kan wadatar. In ya yi nauyi akan haɗa da magani, irin su fluoxetine ko amitriptyline. Ga inda ake faɗuwa. Maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, alhali tashin zuciya ko bushewar baki kan zo tun makon farko, sai mutum ya ce bai karɓe shi ba ya watsar. Wani kuma ya ji sauƙi a wata na biyu, ya ba da shaida a majami'a, ya zubar da sauran. A yi shaidar, amma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan samun sauƙi, kuma likita ne zai rage shi sannu a hankali. Yankewa farat ɗaya na kawo jiri da rashin barci, ciwon kuma ya dawo. Fasto ba shi da hurumin cewa a ajiye magani don a gwada bangaskiya. Bulus da kansa ya kira Luka ƙaunataccen likita.

A tambayi iyali ko mutumin ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu ba birki, yana rabon dukiya. In haka ne a gaya wa likita, don wannan wani ciwo ne daban mai hawa da sauka, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar da shi. Irin wannan mutum kada a sa shi kwanan addu'a, rashin barci na kunna ciwon. Mai shan lithium kuma, maganin da akan ba masu wannan ciwo, kada ya yi azumin da babu ruwa, don bushewar jiki na sa maganin ya taru a jini ya zama guba. Mai jego da kuka da fargaba suka wuce mata mako biyu da haihuwa, a kai ta a duba.

Wanda ya fara cewa gara ya huta, ko ya zame wa iyalinsa kaya, ka ja shi gefe ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. In ya ce e, ka tambayi ko ya shirya yadda zai yi. Kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi da igiya da makami daga inda yake, a kai shi asibiti a ranar. Kada ka yi alkawarin rufa wannan asiri.

Sauran aikin na zumunta ne. A zaɓi mutum biyu masu riƙe baki, su riƙa zuwa a ranar da suka faɗa. Ziyarar minti ashirin ta isa. Kada a tsaya a "in kana bukatar wani abu ka faɗa", ba zai faɗa ba. A ce masa gobe da safe za a zo a taka tare na minti goma, a raka shi ganin likita, a tabbata ya ci wani abu. In ya kasa addu'a, kai ka yi, gajeriya, shi ya ce amin. Sunansa kuma kada ya shiga sanarwar Lahadi sai da izininsa.