Hasken da ke tona asirin sankara tun tana tabo

Ku ɗauka ga hoto a gabanku, wanda kyamarar likita ta ɗauko, ku kalle shi da kyau. Bangon cikin mutum ne, ja, sumul kamar cikin kumatu. Kun ga wani abu? Da wuya. To, a nan gefen akwai sankara, faɗinta bai kai farce ba.

Haka take farawa, a ciki ne ko a maƙogwaro ko a hanji. Ba ƙari, ba zafi. Tana shafe a jikin fata, mai ita na cin abincinsa lafiya lau.

Likita ya zura siririn bututu mai kyamara ta baki. Ga shi ya danna maɓalli. Farin haske ya ɗauke, saura shuɗi da kore kawai. Wannan fasahar ita ce NBI (Narrow Band Imaging, wato duba da zaɓaɓɓun launukan haske), wadda kamfanin Olympus na Japan ya fitar a 2006. A ma'aunin haske, tsawon zangon shuɗin nanomita 415 ne, na koren 540, kuma su ne launukan da jini ya fi shanyewa. Shi ya sa duk inda jijiyar jini take sai ta fito baro-baro: na sama ruwan ƙasa, na can ƙasa shuɗi-shuɗi.

Yanzu a ƙara girman hoton kamar sau 80. A lafiyayyen wuri jijiyoyin a jere suke reras, kamar saƙar zuma. Matso nan kuwa. Sun karkace, wata ta kumbura, wata ta tsinke, ga kuma iyaka a fili tsakaninsu da lafiyayyar fata. Iyakar nan likita ke farauta. Amma fa kyamara ba ta yanke hukunci, kuma idon da bai saba ba sai ya wuce ta kan tabon bai sani ba.

Japan da Koriya ta Kudu, inda sankarar ciki ta yi yawa, ba sa jiran ciwo. A Koriya, daga shekara 40 ana duba mutum duk bayan shekara biyu.

Idan an kama ta tun tana fatar sama, fiye da kashi 90 cikin 100 na wuce shekara biyar da ransu, kuma sau da yawa ba a tsaga ciki. Ta bututun nan dai ake allurar ruwa a ƙarƙashin tabon ya taso, a feɗe shi da 'yar wuƙar lantarki. Sai a shimfiɗa yankin a kan ɗan allo, a kafe shi da allurai, a kai ɗakin gwaji a duba ko gefunansa sun fita tas.