Sharhi: Gigin tsufa da ƙwaƙwalwar cikin faranti

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. A nan Garwa, idan tsohuwa ta fita za ta kasuwa, aka tsince ta da la'asar a bakin Binuwai tana tambayar hanyar gidan da ta shekara arba'in a ciki, sai mu ce gigin tsufa ne. Wasu ma su ce sammu. A kulle ƙofa, a sa jika gadinta, shi ke nan.

To, sau da yawa cuta ce, wadda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. A ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira maikurogiliya, su ne masu shara kuma 'yan sintiri, suna kwashe dattin da ya taru. Idan aiki ya yi musu yawa sai su harzuƙa, kumburi ya tashi, gyara ya koma ɓarna. A 2013 aka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda waɗannan masu shara ke aiki da ita, tana ƙara haɗarin kamuwa da cutar.

Amma wa zai yarda a buɗe kan kakarsa don a leƙa? Shi ya sa aka daɗe ana gwaji da ɓera, kuma ɓera ba mutum ba ne. Mafita ta fito daga Kyoto ta Japan. A 2007 masanin kimiyya Shinya Yamanaka ya ɗauki ƙwayar fatar mutum, ya sa mata ƙwayoyin gado huɗu, ta koma ƙwayar asali mai iya zama kowace irin ƙwaya a jiki. Ya samu kyautar Nobel a 2012. Yau daga ɗan jinin mara lafiya ana rainon ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa a farantin ɗakin gwaji, har da 'yar dunƙulalliyar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, a zuba mata masu sharar, a zura ido a ga inda rikici ke farawa. Ba ta tunani, kada hankalinku ya tashi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin ƙwayoyin da ake rainon nan daga jinin Turawa suke. Alhali binciken da aka yi a Ibadan ya nuna ƙwayar gado APOE4, wadda ke jefa Bature cikin haɗari sosai, ba ta da wannan ƙarfi a jikin Yarbawa. Jinin tsohuwar nan ta bakin Binuwai fa, ko na takwarorinta a Marwa da Injamena, wa zai kai shi faranti?