Daga Rabon Faɗa zuwa Mamaya: Abin da Ya Kai Sarki Edwad Sikotland a 1296

Ranar 30 ga Maris, 1296, rundunar Sarkin Ingila, Edwad na Ɗaya, ta faɗa wa garin Berwick. A wancan zamani babu gari mai arzikinsa a duk Sikotland, don a tasharsa ake loda ulu da fatu a jiragen ruwa a kai kasuwannin Turai. Duk kariyar garin ba ta wuce rami da shingen katako ba. A wuni ɗaya aka ci shi, kuma marubutan tarihi na lokacin sun ce mutanen da aka kashe dubbai ne.

To amma, jama'a, shekara goma kafin wannan rana ƙasashen nan biyu surukai ne. Sarkin Sikotland, Alekzanda na Uku, ƙanwar Edwad ya fara aura, kuma an yi shekaru da yawa ba a gwabza yaƙi a kan iyakarsu ba. Me ya ɓata wannan zama?

Mafarin abin doki ne. A wani dare na watan Maris, 1286, ana iska da ruwa, Alekzanda ya matsa sai ya je wurin amaryarsa da ke Kinghorn. A cikin duhu ya rabu da masu rakiyarsa, da gari ya waye aka tsinci gawarsa a bakin teku. 'Ya'yansa uku duk sun riga shi rasuwa. Magajiyar da ta rage ita ce jikarsa Margaret, 'yar Sarkin Norwe, yarinya 'yar shekara uku.

Edwad ya hango dama, kuma ta lumana ce. A 1290 aka ƙulla yarjejeniyar Birgham, cewa yarinyar za ta auri ɗansa, amma Sikotland ta ci gaba da zama ƙasa mai dokokinta da majalisarta. Da auren ya yiwu, da jikan Edwad ya gaji gadajen sarauta biyu ba tare da an zare takobi ba. Sai dai a hanyarta ta zuwa daga Norwe, cikin watan Satumba na wannan shekara, yarinyar ta rasu a tsibiran Orkney tana da shekara bakwai.

Nan fa masu neman sarauta suka fito, har mutum 13. Manyan cikinsu biyu ne: John Balliol da Robert Bruce na Annandale, kakan Bruce ɗin da ya zama sarki daga baya. Kowanne da mayaƙansa, kowanne da dangin da ke goya masa baya. Don gudun yaƙin basasa aka nemi Edwad ya shigo ya raba gardama. Maƙwabci ne, suruki ne, ga shi ya yi suna a sha'anin shari'a. Da dattawan Sikotland sun tsaya sun dubi abin da ya yi wa Wels shekaru kaɗan kafin nan, da sun gane kura suke shirin ba wa ajiyar nama. Yariman Wels, Llywelyn, ƙin zuwa yin caffa ya yi, Edwad ya kai masa yaƙi a 1277, kuma zuwa 1283 ƙasar gaba ɗaya ta koma hannun Ingila.

Ku riƙe wannan kalma ta caffa, don a kanta duk rigimar ta rataya. A Turai ta wancan lokaci, mai yin caffa durƙusawa yake a gaban ubangidansa, ya sa tafukansa biyu cikin na ubangidan, ya rantse cewa daga yau shi mutuminsa ne. In an kira shi yaƙi zai zo, in an kira shi kotu zai amsa. Sarakunan Ingila sun daɗe suna cewa sarakunan Sikotland barorinsu ne. An taɓa yin hakan da gaske a 1174, lokacin da aka kama Sarki William na Sikotland a fagen fama aka tilasta masa, amma a 1189 Sarki Richard na Ingila, yana neman kuɗin tafiya yaƙi, ya karɓi mak 10,000 (mak ma'aunin kuɗi ne na zamanin) ya yafe. Shi kansa Alekzanda da ya yi wa Edwad caffa a 1278, sai da ya fayyace cewa a kan filayen da yake riƙe da su a Ingila ne kawai. Masarautarsa kuwa, daga Allah ya same ta.

Edwad bai manta ba. A watan Mayu na 1291, da aka taru a Norham, bakin kogin Tweed, sai ya gindaya sharaɗi: ba zai yi alƙalanci ba sai an amince shi ne ubangidan ƙasar. Har gidajen ibada ya aika wa cewa su tono tsofaffin littattafan tarihi su nemo masa hujja. Wakilan Sikotland suka ce ba su da sarki, ba kuma mai ikon amsa wannan sai sarki. Edwad ya zagaye su, ya nufi masu neman sarautar ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke son rawani, ina zai iya cewa a'a ga mai naɗawa? Duk suka amince.

Wani wuri a nan yana buƙatar adalci. Ana yawan cewa tun farko haɗiye ƙasar Edwad ya yi niyya. Ni ban gamsu ba. Mutum 104 aka zaɓa suka saurari hujjoji. An kawo shawarar a raba ƙasar kashi uku tsakanin magada, wadda da ta fi raunana ta, aka ƙi. A watan Nuwamba na 1292 aka ba Balliol, wanda ta layin babbar 'yar David, ƙanen Sarki William, ya fito, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Abin da Edwad yake so shi ne a yi sarki a Sikotland, amma sarkin ya zama tamkar hakiminsa. Wata ɗaya bayan naɗi, ranar 26 ga Disamba, Balliol ya durƙusa a Newcastle ya yi caffa a kan masarautar ɗungurungum.

Daga nan wulaƙanci ya fara. Edwad ya buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara: duk wanda kotun Sarkin Sikotland ta kayar, yana iya kai kukansa Ingila. Wani basarake mai suna Macduff ya kai ƙara kan gadon filaye, aka aiko wa Balliol sammaci. A 1293 sarki guda da rawaninsa ya tsaya gaban majalisar Ingila kamar kowane mai laifi. Ya ce ba zai iya ba da amsa ba sai ya shawarci dattawan ƙasarsa, aka ce ya raina kotu, aka yi barazanar karɓe manyan gidajen tsaronsa uku. Ku yi tunanin yadda ya koma gida ya kalli fadawansa.

Duk da haka, wannan kaɗai da wuya ya kai ga yaƙi. Abin da ya ƙulle lamarin daga Faransa ya zo, kuma akwai abin dariya a ciki. Edwad kansa bara ne ga wani. Yankin Gaskoni, mai arzikin inabi a kudu maso yammacin Faransa, daga hannun Sarkin Faransa yake riƙe da shi. Bayan wani faɗa da ma'aikatan jiragen ruwan ɓangarorin biyu suka yi a 1293, Sarki Filib na Huɗu ya aiko wa Edwad sammaci zuwa kotunsa a Paris, sak irin wanda shi ya aika wa Balliol. Edwad bai je ba, a 1294 Filib ya ƙwace Gaskoni.

Yanzu Edwad na neman mayaƙa da kuɗi ido rufe. Ya aika wa Balliol da manyan hakimansa su fito su bi shi yaƙin Faransa. Ana wata ga wata, mutanen Wels, waɗanda su ma aka nemi su ba da sojoji, suka yi bore, Edwad ya kwashe watanni yana kashe wannan wuta. 'Yan Sikotland suka ga haka suka yi ta kawo uzuri. A watan Yuli na 1295 suka kafa majalisar mutum 12 ta riƙe ragamar mulki, a watan Oktoba kuma wakilansu suka sa hannu a wata yarjejeniya a Paris: in Ingila ta auka wa ɗayansu, ɗayan zai far mata.

Ku dubi taswira ta idon Edwad. A kudu ga Filib, a arewa ga mutumin da ya rantse masa da bakinsa ya haɗa kai da abokin gaba. Gaba kura, baya sayaki. Ba zai iya tsallaka teku da runduna ya bar ƙofar baya a buɗe ba. A wurinsa kuma wannan tafiya ba mamayar wata ƙasa ba ce, ladabtar da bara ne mai tawaye, kuma a dokar zamanin bara mai tawaye ƙasarsa ta halatta ga ubangidansa. Ya nemi a miƙa masa Berwick da Roxburgh da Jedburgh a matsayin jingina, aka hana. Ya tara runduna a Newcastle a farkon Maris. 'Yan Sikotland ma ba su jira ba, suka kai hari Carlisle da ke arewacin Ingila, kuma wanda ya tsare wa Edwad garin ɗan gidan Bruce ne, don su Bruce ba su taɓa haɗiye naɗin Balliol ba.

Sauran ya zo da sauri. Bayan Berwick, Balliol ya aiko da takardar warware caffarsa. Ranar 27 ga Afrilu aka karya rundunarsa a Dunbar. A watan Yuli ya miƙa wuya, aka yage tambarin sarauta daga rigarsa a bainar jama'a, aka wuce da shi kurkuku a Landan. Dutsen Scone da ake zaunar da sarakunan Sikotland a kai ranar naɗi, Edwad ya sa aka ɗauke shi zuwa Westminster, kuma sai a 1996 aka mayar da shi.

Wannan karon bai naɗa kowa ba. Ya bar wa John de Warenne riƙon ƙasar, ya ba Hugh de Cressingham baitulmali da aikin tatso kuɗi, shi kuma ya juya ga abin da ke gabansa tun farko. A watan Agusta na 1297 ya shiga jirgi zuwa Flanders, a arewa da Faransa, don fuskantar Filib. Bai yi wata guda da tafiya ba, ranar 11 ga Satumba, William Wallace da Andrew Moray, jagororin boren 'yan Sikotland, suka tare rundunar Warenne tana tsallaka wata siririyar gada a Stirling suka ragargaza ta, Cressingham na cikin gawarwakin.