Jawabin ma'aji kan kuɗin fito da bashin kuɗin wata

Shugaba ya ba ni minti biyar in karanta lissafi, to ga shi a gurguje: an biya hayar zauren nan, gudummawar rasuwa biyu ta isa gida, ɗaya Kumasi ɗaya Damagaram, kujerun aro an mayar. Saura yana cikin littafi, mai son gani ya same ni. Ku ba ni aron sauran lokacin, akwai abin da ya hana ni barci.

Daren Laraba wata 'yar'uwarmu ta kira ni muryarta na rawa. Ba zan kama suna ba, amma babu gidan da ke wakilci a zauren nan da turarenta bai shiga ba. Na je na same ta a ɗakinta a nan Bronx, cikin birnin New York, ta jera kwalaben humra a kan tebur, ga kwali a yage, ga takardar kamfanin da ya kawo kayan, tana ta lissafi da biro a bayan ambulan. Ta buga ta sake bugawa, kuɗin fito da ladan kamfanin sun cinye ribar, har sun taɓa uwar kuɗi. Da wannan sana'ar take ciyar da marayu huɗu a Maiduguri.

Iyayena, ku fahimci abin da ya sauya. Tun 2016, duk ƙunshin da bai wuce dala 800 ba yana shigowa Amurka babu ko sisi. A kan wannan rangwame matanmu suka kafa sana'ar lalle da turaren wuta da atamfa, samarinmu suke sayar da hula a Instagram. Ranar 2 ga Mayu 2025 aka soke shi ga kayan China da Hong Kong, muka ce ba ruwanmu. Ranar 29 ga Agusta aka soke wa duniya baki ɗaya. A 2025 ɗin, kayan Najeriya da Ghana an ɗora musu harajin kashi 15 cikin ɗari, na Nijar kashi 10. Hukumar gidan waya ta Najeriya ma ta sanar a lokacin cewa duk ƙunshin da ba wasiƙa ba sai an biya dala 80 kafin ya taso zuwa Amurka. Wadda ta aiko da yajin dala 40 fa, ina za ta sa kanta?

Ga kuma wadda ta fi ba ni takaici. Kwastan ba sa tambayar kasuwar da ka saya, ƙasar da aka yi kayan suke dubawa. Atamfar da ka ɗauko a Kantin Kwari, in a China aka buga ta, harajin China za ka biya, ko da ƙurar Kano ce a jikinta. 'Yar'uwar tamu ba ta san haka ba, turmi shida ne a ƙasan kwalin. Wa ya gaya mata? Babu. Muna da ƙungiya, amma ita kaɗai ta zauna da ambulan.

Na ji wasu na ba da shawarar a rubuta “kyauta” a kan kaya. Don Allah ku bari. Kyautar da aka yafe wa haraji ita ce wadda ba ta wuce dala 100 ba, daga mutum zuwa mutum, kuma kwalba ashirin iri ɗaya ba ta yi kama da tsaraba. Masu cusa kilishi a tsakiyar zani su ma su ji: nama haramun ne ya shigo. Wanda takardar zamansa ke gaban hukuma, kada ya ɓata ta a kan kwali ɗaya.

Abin da nake roƙo, masu kawo kaya su haɗa kai, lodi ɗaya duk wata biyu, mu ɗauki mai fito da kaya mai lasisi, a raba ladansa. Ana iyawa. Mu da muke tara kuɗin kai gawa gida cikin kwana biyu, wannan ne zai gagare mu? Amma da me za a fara? Fiye da rabin sunayen da ke littafin nan ba su biya kuɗin wata ba tun Babbar Sallah. Na kira, na aika saƙo, har kunya ta fara kama ni. Da asusun na da ƙarfi, da a daren nan na ranta mata ta fanshi kwali na biyu, wanda har yanzu yake hannun kamfanin, ana kuma barazanar mayar da shi.

Wallahi ranar da sanyi ya yi tsanani, in na shiga benenmu na ji ƙamshin turaren nan a lungu, ɗakin mahaifiyata nake tunowa, Allah ya jiƙanta. Ba na son ya ɓace daga gidajenmu, ba na son yaran nan huɗu su ji a jikinsu.

Malam sakatare, ajiye takarda biyu a bakin ƙofa, ɗaya ta masu shiga lodin haɗin gwiwa, ɗaya ta masu bashi. Ni zan zauna a nan har bayan Isha'i. Kwalinta kwana biyar ya rage masa.