Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Modem Ke Katse Kira

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Tambayar yau daga wani ɗalibi take a Zariya. Ya ce: "Lokacin da ake shiga intanet ta wayar tarho ta girke, yaya kwamfuta ke sa modem ya kashe kira, alhali duk abin da ta ba shi miƙawa gaba yake yi?"

To, malam, ka taɓo inda gizo ke saƙa. Kafin layi ya haɗu, modem, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da layin tarho, umarni yake saurara. Da zarar ya haɗu sai ya koma ɗan aike, ko "kashe" ka rubuta masa, kai wa ɗaya ɓangaren zai yi.

Kamfanin Hayes na Amurka ne ya warware wannan a modem ɗinsa na 1981, da dabarar injiniyansa Dale Heatherington. Kwamfuta za ta yi shiru na daƙiƙa ɗaya, ta aika alamar tarawa uku a jere, wato +++, ta sake yin shiru na daƙiƙa ɗaya. Sai modem ya amsa da OK ya koma sauraron umarni, layi kuma yana nan a haɗe. A ba shi umarnin ATH ya ajiye waya, ko ATO ya koma bakin aiki.

A ganina shirun nan shi ne hikimar. Alamar tarawa uku na iya faɗowa a cikin kowace wasiƙa, amma da wuya ta zo da shiru gaba da baya. Hayes ya yi wa dabarar rajistar mallaka a 1985, wasu kamfanoni kuwa, don gudun biyan kuɗi, suka cire shirun. Ai kuwa masu amfani da irin waɗannan suka ɗanɗana kuɗarsu. Ɗan tsokana zai turo maka saƙon gwaji na ping ɗauke da +++ATH0, kwamfutarka ta mayar masa da shi kamar yadda ƙa'ida ta ce, modem ɗinka ya ɗauka umarninka ne, ya katse. Maganinsa shi ne ba modem umarnin ATS2=255, wanda ke toshe wannan ƙofar.

Idan kuma layin ne ya yanke da kansa, modem yakan jira kusan daƙiƙa ɗaya da rabi ko sautin ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren zai dawo. In shiru, ya rubuto NO CARRIER, sai a sake bugawa.

Sai tambaya ta gaba.